Wayar da Baba Ya Kankare

Jiya motata a-kori-kura ta ƙi tashi a Maje, cike da doya. Makanikai biyu suka zo da na'urarsu suka jona. "Oga, kwayil ne," in ji su. Aka sauya kwayil, aka sauya fulogi, mota ko tari ba ta yi ba. Sai marigayi Baba mai gyaran wayar mota ya faɗo mini a rai.

Shi ba ya ɗaukar sifana sai ya saurara. "Murɗa makulli, ɗana, bari in ji ta tukuna." Wata rana a rumfarsa ya kara kunne a jikin injin motar nan, ya shinshina fulogi, sannan ya bi wata siririyar waya da yatsunsa masu baƙin mai. Ashe tsatsa ce ta ci bakinta. Ya kankare da wuƙa, mota ta tashi.

Da masu na'ura suka cika gari, sai na daina tsayawa wurinsa. Har a tasha na ce wa direbobi Baba ya tsufa. In na zo wucewa ya ɗaga mini hannu, ni kuwa in danna hon in ƙara wuta. Rasuwarsa ma sai bayan an binne shi na ji.

Jiyan nan, da makanikan suka gaji, na ari wuƙar mai doya na kankare wayar. Bugu ɗaya ta tashi. Suka yi ta yaba mini.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Ni kuma ya yafe mini hon ɗin nan.