Rufin Ɗakin Inna da Tafiyata Kutama

Akwai wata tafiya da na yi Kutama a ɓoye, wata Asabar cikin zafin bazara, wadda ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina ba na jin zan manta da ita. Ba biki na je ba, ba gaisuwar rasuwa ba. Rufin ɗakin wata tsohuwa da ban taɓa gani ba na je leƙawa.

Ni malamar firamare ce a Gwarzo, nan aure ya ajiye ni. Mahaifiyata kuwa, Inna, tana Dugabau ta ƙasar Kabo, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ɗakinta ginin ƙasa ne mai rufin soro, kuma gara ta daɗe tana cin azarar. A daminar da ta gabaci wannan shekarar, duk wata roba da kwanon da ke gidan sai da aka tara wa yoyo. Na roƙe ta ta dawo wurina, ta ce, "A nan ya bar ni, a nan za a zo a ɗauke ni." Ga ciwon gwiwa, daga gado zuwa bakin ƙofa sai da sanda. Abin da ke hana ni sukuni ke nan, domin in rufin nan ya tashi faɗowa, Inna ba za ta iya gudu ba. Muka yanke shawarar a sauke soron a buga kwano kafin ruwan farko.

Ina cikin neman wanda zai yi aikin sai Baba, wato mahaifin maigidana, ya aiko aka kira ni. Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi gida da yara da aiki da jikin Inna, sannan ya ce ɗan wani amininsa kafinta ne, shi za a ba. Wanda ya san mu ya san maganar ta ƙare ke nan. Suruki ya kawo mutum, sai kuma ki buɗe baki ki ce za ki bincika? Ai kamar kin ce ba ki yarda da Baban ba ne. Na ce, "To Baba, Allah Ya ƙara girma," na tashi na tafi.

Washegari kafintan ya zo. Mutum ne siriri, bai fi shekara talatin da 'yan kai ba, mai sanyin magana. Ya zaro takardar shaidar koyon sana'a a cikin leda, ya nuna mana hotunan gidajen da ya rufa a wayarsa. Masha Allah, kwano ja da shuɗi sai sheƙi yake. Maigidana har da gyaɗa kai. Ni kuwa na lura duk gidajen na bulo ne.

Na ce, "Malam, ka taɓa rufa ginin ƙasa?"

Ya yi shiru, ya duƙar da kai yana murza hular da ke hannunsa. Can ya ce, "Na taɓa, Malama. A Kutama, gidan da ke bayan masallacin Juma'a."

Wannan shirun shi ya tsaya mini a rai. Na matsa wa maigidana ya bincika, ya kuwa yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya je wani gida da kafintan ya rufa a Unguwar Tudu, ya kuma samu lambar mai gidan na Kutama ya buga masa waya. Kowa amsarsa ɗaya ce: alhamdulillahi, yaron kirki ne, aikinsa ba laifi. Ya dawo ya ce, "Kin ji ko? Sai ki kwantar da hankalinki."

Na ce, "A ina ka tambaye su?"

Ya ce, "A zaure mana, ko cikin gidan mutane kike so in kutsa?"

To, nan gizon yake... kai, nan matsalar take. Mazanmu in aka tambaye su labarin mai sana'a a zaure, ko ruwa na zuba musu a ka ba za su faɗa ba. Gani suke wanda ya faɗi aibin mutum ya hana shi abincinsa, kuma alhaki ne. Ban ce sun yi laifi ba, hali ne mai kyau a inda ya dace. Amma wadda ta san gaskiyar rufi ita ce mai jan gado daga inda ke ɗiga, mai shanya katifa da safe. Wurinta kuwa namiji ba ya shiga. Ni ce mai iya shiga.

Ranar Asabar na ce wa maigidana zan je duba wata abokiyar aikina da ke Kutama. Ba ƙarya na yi ba, na duba ta, sai dai ko ruwan da ta kawo ban shanye ba na ce ta nuna mini gidan bayan masallaci. Duk tafiyar nan addu'ata ɗaya, kada wani da ya san Baba ya gan ni.

Na yi sallama, na tarar da wata tsohuwa, mahaifiyar mai gidan, tana ɓarar gyaɗa a gindin darbejiya. Muka gaisa kamar mun saba, ya zafi, ya iyali, ya mutanen Gwarzo. Da na rasa ta inda zan ɓullo sai na ce, "Inna, kwanon ɗakin nan naku ya yi mini kyau. Wa ya buga muku?"

Ta kalle ni ta yi dariya. "'Yar nan, ba ki taso daga Gwarzo a ranar nan don kwano ya yi miki kyau ba. Aiki za ku ba shi?"

Kunya ta kama ni, na faɗa mata komai, har ciwon gwiwar mahaifiyata. Sai ta janye mayafinta ta nuna mini damtsenta. Wani dogon tabo ne tun daga kafaɗa har kusa da gwiwar hannu.

Ta ce, "Wannan aikinsa ne."

Innalillahi! Na koma na zuba mata ido. Ta ba ni labari. Shekarar da ya rufa ɗakin, hadarin farko ya taso daga gabas bayan la'asar, da irin iskar nan da ke riga ruwa isowa. Tana ciki tana salla ta ji rufin ya yi ƙara, kafin ta ɗaga kai sai ga sararin sama. Iska ta ɗauke shi gaba ɗaya, kwano da katako, kamar an ɗage faifai daga kan ƙwarya, ta yar a gonar maƙwabta. Wani falle ne ya dawo ya yanke ta. Dalili kuwa, ya ɗora katako a kan katangar ƙasa ya bi da ƙusa, yadda ya saba, ƙusa kuwa ba ta da abin kamawa a cikin ƙasa.

Na miƙe ina gyara mayafi, raina ya gama ɓaci. Na ce, "Na gode Inna, na ji abin da na zo ji. Mutumin da ya kusa kashe ki shi za a kai wa uwata? Kuma ɗanki ya ce mana aikinsa ba laifi!"

Ta ce, "Ke dai akwai gaggawa. Zauna, ban gama ba."

Na koma na zauna. Ta ce tun ruwan bai ɗauke ba sai ga shi a kan babur, domin labari ya kai masa. Matasan unguwa suka yi masa ca, har da masu ɗaukar sanda, bai gudu ba. Ya tsaya a ƙofar gida hawaye na zuba, shi ya ɗauke ta ya kai ta asibiti aka ɗinke hannun. Bayan nan ya nemi wani tsohon magini na garin, wanda ko takarda ɗaya ba shi da ita, ya durƙusa masa ya ce ya koya masa yadda ake kama rufi a ginin ƙasa. Ya sake aikin tun daga farko, bai bar su sun sayi ko ƙusa ɗaya ba.

Ta kama hannuna ta ja ni cikin ɗakin. Ta nuna mini inda aka huda katangar can ƙasa, kusan kamu biyu daga sama, aka zura langa-langa, wato siririn ƙarfen nan mai faɗi, aka zagayo da shi aka ɗaure katakon tamau. Haka aka bi ɗakin kusurwa-kusurwa. Daga waje kuma an gina rawani a kan katanga ya danne bakin kwanon ta gabas, yadda iska ba za ta samu wurin shiga ƙarƙashinsa ba. Na ɗaga kai na bi silin da kallo, babu tabon ruwa ko ɗaya.

Ta ce, "Damina uku ke nan. In iska na son rufin nan, sai ta ɗauka har da ɗakin. Ɗana bai yi muku ƙarya ba, rabin labarin ya ba ku."

A hanyar dawowa na rasa abin da ke mini daɗi. Tabon nan ya ƙi barin idona, langa-langar ma haka. Na isa gida na zayyana wa maigidana komai, ya riƙe baki, sannan ya ce sai a kira kafintan. Da ya zo ban ɓoye masa ba, na ce, "Na je Kutama, na ga hannun tsohuwar. Me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

Ya kalle ni. Ya ce, "Malama, bakina ne ya kasa. Sau biyu a wasu wuraren ina faɗa ana sallamata tun ban kai ƙarshe ba. Shi ya sa na kwatanta miki gidan. Na ce in har da gaske kike, za ki je."

Fushin da na taho da shi sai ya bi iska. Tausayinsa ya kama ni, mutum yana yawo da takardar shaida a leda, alhali shaidarsa ta gaske tana wurin da yake jin kunyar nunawa. Duk da haka na ce ɗakin ba nawa ba ne, sai mai shi ta ji. Na je Dugabau na faɗa wa Inna, ban rage komai ba, har tsawon tabon. Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kama sunana. Ta ce, "Ke wannan, wanda iska ta taɓa ba shi kunya ai ya fi kowa tsoronta. A kawo shi."

Ya yi aikin cikin kwana shida. Na je na tsaya a kansa ranar ɗaurin, ina ƙirga hudar katanga kamar mai duba jarrabawa, bai nuna ya ji haushi ba. Shi da kansa yake cewa, "Malama, zo ki ja wannan ki ji."

Bayan kamar mako uku, ina Dugabau ranar wata Lahadi, gabas ta yi baƙi ƙirin bayan la'asar. Iska ta taso, kaji suka shige akurki, ƙofofi na bugawa. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado na riƙe hannun Inna. Kwanon ya fara kuka yana ƙas-ƙas, ni kuwa duk addu'ar da ta zo bakina yi nake, ina kallon sama ina jiran in ga haske. Muka ji wani rugugi daga waje, ashe rumfar maƙwabta ce ta tashi. Inna ta ce, "Sakar mini hannu kada ki karya ni, rufi bai kashe ni ba ke ki kashe ni." Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, ko ɗigo bai shigo ba.

Ruwan na tsagaitawa muka ji sallama. Kafintan ne, ya jiƙe sharkaf, taɓo har gwiwa, ya turo babur ɗinsa domin hanya ta ɓaci. Ba wanda ya kira shi. Ashe tun abin da ya faru a Kutama, duk ranar iskar farko sai ya bi ɗakunan ƙasar da ya rufa ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Inna tana lafiya?"

Inna ta amsa daga ciki, "Lafiya lau, ɗan nan. Shigo ka sha fura." Ya jingina da katanga ya rufe fuskarsa da hula. Ni ma sai na juya baya, don kada ya ga nawa hawayen.

Labarin tafiyata kuwa bai ɓoyu ba, ya kai kunnen Baba. Ranar da na je gaishe shi kamar in nutse. Ya bari muka gama gaisawa tsaf, sannan ya ce, "An ce kin je Kutama." Na ce, "Na je, Baba, a yi haƙuri." Ya ce shi kansa bai san da zancen ba, amininsa bai taɓa faɗa masa ba. Ya ƙara da cewa, "Zauren nan nawa ma yana yoyo. In an tashi gyara, ke za ki je binciken."

Inna ta yi damina biyar a ƙarƙashin rufin nan, kuma a ɗakin aka zo aka ɗauke ta kamar yadda ta so, Allah Ya jiƙanta. Abin da na koya shi ne, in za ka damƙa wa mutum abin da ran wani ke ƙarƙashinsa, kunyar suruki ko ta kowa kada ta hana ka bincike, kuma kada ka tsaya a takarda da hoto da amsar zaure. Ka shiga ciki ka tambayi mai kwana a ɗakin. In an nuna maka inda ya taɓa kuskure, ka zauna ka ji abin da ya yi bayan nan. Da na fita daga gidan tsohuwar nan lokacin da na miƙe cikin fushi, da na hana Inna mutumin da ya fi kowa tsoron rufinta ya tashi.