Ƙyallen Aljihun Motar Baba

Makon jiya na buɗe aljihun gaban tsohuwar motar Baba, sai warin gam ya bugi hancina. Yayana ne ya sa aka ɓamɓare shimfiɗar ciki aka liƙa baƙar leda, don mai saye yana tafe daga Zungeru.

Baba da hannunsa ya liƙa waccan shimfiɗar, da ƙyallen zanen mahaifiyarmu bayan rasuwarta. Kullum ƙamshin goro take yi. Wata rana a hanyar Wushishi na jefa sifanar kwance noti mai baƙin mai a ciki. Baba ya taka birki ya daka mini tsawa: "Cire! Nan ba bola ba ce." Ya daɗe yana goge tabon da bakin rigarsa.

Na tambayi Yaya inda ƙyallen yake.

"Wannan tsumman? Mai ɗinkin kujera ya zubar. Kai dai ka cika riƙo."

Har yau ban gaishe shi ba. Motar tasa ce a rabon gado, ya sayar in ya ga dama. Ƙyallen kaɗai na roƙa ya bar mini tun lokacin rabon, kuma na san bai manta ba.

Allah ya haskaka kabarin Baba, ya sada shi da mai zanen. Ni kuma ya sanyaya mini zuciya, don ban yafe ba tukuna.