Kunnen Abu Munir Mai Buga Sabulu

Adib Sawwas, wanda duk tsohon garin Halab ke kira Abu Munir, bai taɓa rera baiti ɗaya a gaban mutane ba, kuma gara da bai yi ba. Muryarsa irin ta ƙyauren da ya shekara bai ga mai ba ce. Bai iya riƙe molo ba, bandiri ma in aka miƙa masa sai ya kama shi kamar faifan tankaɗe. Sana'arsa buga hatimi a kan sabulu. Idan sanyi ya shigo aka dafa man zaitun, aka malala a daɓe ya daskare aka yayyanka, shi ne mai bin layi a tsugune da 'yar gudumar katako, yana buga wa kowane sunan mai gida. Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana wannan aiki. Gwiwoyinsa sun lalace, hannayensa kuwa kullum fes.

Abin da Allah ya ba shi kunne ne.

A garinmu mutum ba ya zama mawaƙi don an sa shi a rediyo. Sai ya zo ya tsaya gaban masu kunne. Wasu dattawa ne su goma sha wani abu, teloli da mahauta da 'yan kasuwa, da ke zama a layin gaba a duk taron waƙa. Ba sa tafi. Idan mawaƙi ya ɗauki baiti ya hau da shi, ya zaga, ya sauko ya ajiye shi daidai inda ya kamata, sai ɗayansu ya ce “Allah”, sauran jama'a su bi. Idan suka yi shiru, to shiru ne har bayan fili, mawaƙin kuma sai ya fara tambayar ƙarfe nawa motar Dimashƙu take tashi. A cikin dattawan nan bakin Abu Munir ake kallo. Shi ke fara faɗa, kuma ba a taɓa kama shi ya faɗa a inda bai dace ba.

Ubansa ne ya koya masa, tun yana ɗan shekara bakwai. Yakan zaunar da shi a gefensa ya ɗora masa hannu a gwiwa. In mawaƙi ya yi daidai ya matsa gwiwar, in ya kauce ya ɗauke hannun. Shekara biyar ana haka ba a ba shi izinin buɗe baki ba. Makaranta kuwa a aji biyu ya gudu, amma karatu bai kuɓuce masa ba. Tsofaffin waƙoƙin nan duk suna kansa, sai ya sayi ɗan littafinsu a kasuwa ya dinga bin haruffa da yatsa, yana haɗa abin da ya sani da abin da yake gani, har haruffan suka gaji suka saba da shi. Shi ya sa in ya rubuta wa ɗansa Munir wasiƙa zuwa Kuwait, ko maganar gyaran famfo ce, sai ta fito kamar ta masoya.

An taɓa kawo wani babban mawaƙi daga Alƙahira, da tawagarsa da turarensa. Ya yi awa guda yana yi, Abu Munir yana ɓare 'ya'yan fistik, masu kama da gyaɗa, yana jerawa a gwiwa. Washegari mutumin ya aiko masa da tiren alawa har gida. Ya ci alawar, ya mayar da tiren, ya ce a gaishe shi. A wannan shekarar kuma wani mai gyaran takalma ya rera baiti huɗu a bikin suna, Abu Munir ya ce “Allah” sau uku, mutumin bai sake taɓa takalmin kowa ba. Matarsa Wadad takan ce a shekara talatin da biyar na aure sau biyu kacal ya ce wa girkinta “Allah”, kuma ɗaya daga ciki maƙwabciya ce ta aiko.

Akwai wanda ya fi kowa jin haushin wannan matsayi, wato Bakri mai kantin yadi. Shekara ashirin da biyar yana zaune a hagun Abu Munir, kunnensa ba laifi, amma kullum tasa “Allah” sai ta zo a makare da rabin numfashi. Kowace safiya tare suke shan gahawa, kowace safiya kuma da faɗa suke tashi.

Autar Abu Munir, Suhaila, malamar waƙa ce a makarantar firamare ta 'yan mata. 'Yan ajinta sun fi kowa haddar lissafi, don da kari take rera musu jadawalin ninkawa, har sauran malamai suka fara turo mata duk darasin da ya ƙi shiga kan yara. Ta yi shekaru tana zuwa wurin wani tsohon malami tana koyon manyan waƙoƙi na da. A gida kuwa, da ta ji tarin ubanta a zaure sai ta haɗiye abin da ke bakinta. Shi ma bai taɓa cewa ta rera ya ji ba. Kowa na tsoron kowa.

Tana da shekara ashirin da tara masu shirya bikin waƙa na bazara suka sa sunanta. Kwana uku ake yi, bayan la'asar, a tsakar wani tsohon masaukin fatake da ke cikin kasuwa. Aka ba ta rana ta biyu.

Abu Munir ya ji labarin a gidan gahawa, kuma daga bakin Bakri.

“Na ji 'yar gida za ta hau,” in ji Bakri yana hura kofinsa. “Ka fara gwada ‘Allah’ ɗin a gida, ko sai ranar?”

“Kai dai sha gahawarka, kurma.”

“Ni da wuri zan je. Mun daɗe muna kallon kunne, bana dai uba za mu kalla.”

Abu Munir ya yi dariya, amma hanyar gida ta yi masa tsawo. Lissafin ba wuya gare shi ba. In ya yi shiru, filin duka zai yi shiru, Suhaila ta koma aji ta ƙare rayuwarta tana rera bakwai sau takwas. In ya faɗa alhali ba ta kai ba, dattawan nan za su gane tun kalmar ba ta gama fita ba, daga ranar kuma bakinsa ya zama na kowa.

Dabara ta farko da ta zo masa ita ce ciwo. Ya shaida wa Wadad cewa yana jin gwiwar nan za ta tashi ranar Laraba. Wadad tana murza nama da alkama na yin kibbe, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ai ba ta san gwiwa tana ba da sanarwar mako guda ba. Ta ce kuma ya sani sarai, mutumin da ya je taron waƙa ranar da aka cire masa haƙori biyu, in aka ga kujerarsa wayam ranar 'yarsa, kafin magariba gari ya ɗauka cewa ya ji muryarta a gida ne ya gudu.

Dabara ta biyu, ya ce to Suhaila ta rera masa a ɗaki, ya san inda aka kwana. Ta ƙi. Ta ce ai mutumin Alƙahira ma Baba bai saurare shi a ɗaki ba kafin ya hau.

“Baba, in ban yi ba, kada ka ce komai,” ta ce. “In ka ba ni sadaka zan gane, kuma ba zan yafe maka ba.”

“Wa ya ce miki ina rabon sadaka?”

“To shi ke nan. Ka zo ka zauna kamar ba ka san ni ba.”

“Wannan mai sauƙi ne, hancinki ma na dangin uwarki ne.”

Ranar Laraba ya sa kwat ɗinsa mai ruwan toka, ya ci abincin rana kaɗan, ya tafi. Fili ya cika tun kafin a idar da sallah. Itatuwan lemo sun yi fure, an jera kujeru kewaye da ɗan tafkin tsakiya, 'yan ajin Suhaila sun cika baranda ta sama da fararen kwala suna ture juna. Bakri ya riga shi zuwa, har ya share masa kujera da hankici, abin da bai taɓa yi ba.

Mawaƙa biyu suka riga ta. Na farko bai samu komai ba. Na biyu ya samu “Allah” ɗaya, ƙarama, ya sauka yana murna kamar an yi masa haihuwa. Sai Suhaila ta fito da doguwar riga shuɗiya, ta tsaya gaban mai molo da mai sarewa da mai goge da mai bandiri, ta ƙi duban layin gaba.

Waƙar farko ta yi ta daidai, kamar yadda malama take yin abu: ba kuskure, ba kuma abin da za a ba wani labari. Abu Munir ya yi shiru, hankalinsa kwance, don ya san shirun gaskiya ne. A ta biyu muryarta ta ɗumama. Akwai wani wuri da harshensa ya motsa, sai ya riƙe shi, ya tambayi kansa kunne ne ya motsa ko jini. Kafin ya samu amsa wurin ya wuce. Ya ji idanun mutane a ƙeyarsa kamar ƙudaje. Bakri ya ɗan yi tari.

A ta uku mai bandiri ya ajiye bandirinsa, ya rage ita da molo. Ta ɗauki baiti a hankali ta hau da shi. Inda kowa ke jiran ta juyo, sai ta sauya kari, ta shiga wani da ba a saba haɗa shi da wannan ba, ta yi nisa a ciki. Mai molo ya ɗaga hannu daga tsirkiya, don shi ma ya ɓace. Wani daga cikin dattawan ya sunkuyar da kai, irin na wanda ba ya son ganin faɗuwar 'yar abokinsa. Ita kuwa ta tsaya can sama a kan murya ɗaya, ba gaggawa, sannan ta fara saukowa, taki ɗaya bayan ɗaya, ta wata hanya da Abu Munir bai taɓa jin an bi ba a shekara hamsin na zama a wuraren nan. Tun tana rabi ya gane inda za ta ajiye. Kalmar tana kan harshensa.

Sai ya ce a ransa bari ya duba sau ɗaya tak. Da 'yar mahauci ce, zai faɗa?

“Allah,” in ji Bakri.

Ba da tsokana ya faɗa ba. Idonsa a rufe yake, kansa ya karkace, kalmar fita ta yi da kanta kamar atishawa. Fili ya ɗauka gaba ɗaya, 'yan baranda suka manta an hana su tafi. Abu Munir ma ya faɗa, da ƙarfi kuwa, amma tasa ta shige cikin ta mutum ɗari uku.

A hanyar gida Wadad tana gaba da sauri don ta bar tukunya a wurin maƙwabta. Suhaila ta rage tafiya saboda gwiwar ubanta. Sai da suka wuce layin masu sayar da yajin za'atar ta yi magana.

“Baba, ban ji ka ba.”

“Na faɗa.”

“Yaushe?”

“Bayan Bakri.”

Ta tsaya ta dafa bango tana dariya har mayafinta ya zame. Ya jira ta gama, sannan ya shaida mata cewa a waƙa ta biyu ta ja numfashi a tsakiyar kalma, kuma kada ta sake.

Ba wanda ya yi shela, ba wanda ya karɓe masa kujera. Amma washegari, a rana ta uku ta biki, da mawaƙi ya sauko da baiti sai idanu suka karkata hagu kaɗan. Mutanenmu haka suke. Sun ga ranar da aka fi bukatar kunne, mai yadi ne ya riga, shi ke nan kuma. Bakri ya zo har gida ya rantse bai yi niyya ba. Abu Munir ya ce ya sani, abin da ya fi ba shi haushi ke nan. Ya yi wata biyu yana shan gahawa shi kaɗai, sannan ya koma teburinsu, don babu wani a unguwar da ya san abin da zai yi masa musu a kai.

Suhaila ta yi suna daidai gwargwado. An gayyace ta Hims da Beirut, ta je ta dawo, ba ta bar aji ba har ta yi ritaya. Ubanta ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya, kuma ba taronta da ya wuce shi.

Maganar matsayi bai cika tada ta ba. Ƙorafinsa wani ne dabam, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi ya ji shi. Ya ce Bakri, da ya yi shekara ashirin da biyar yana makara, ranar sai ya yi gaggawa. Ya faɗa tun yarinyar ba ta gama rufe baki ba, jama'a suka bi, hayaniya ta danne wutsiyar baitin, saboda haka shi har yau bai ji ƙarshen saukowar nan ba. Ya sha sa Suhaila ta maimaita masa a tsakar gida, ranar Juma'a bayan an ci abinci. Takan ajiye kwanuka ta goge hannu ta gwada. Sai ya saurara da ido rufe har ta kai ƙarshe, ya buɗe ido ya ce ba haka ba ne, a ƙaro masa shayi.