Waken Inna da Ranar Sakin Dabbobi

Gona ɗaya, waken da ba zai wuce buhu biyar ba, ƙanne uku, da kwana tara. Abin da Inna ta bar mini ke nan wata Laraba, a kakar da nake aji shida, lokacin da ta hau bayan babur daga Dudunni zuwa bakin titin Kankiya. Can Madam Esta, wata unguwarzoma Kirista 'yar kudu, take jiran ta. An gayyace su taron matan addinai daban-daban a ƙasar waje, kan haƙƙin mata. Madam za ta yi magana kan haihuwa. Inna kuma, malamar Islamiyyar matan aure, za ta faɗi yadda ta karanto ayar gado gaban alƙali har aka yanko mata rabonta daga gonar mahaifinsu.

Wannan gonar ce ta hana ni sukuni. Kawu, yayan Inna, bai taɓa yarda da rabon har cikin ransa ba, kuma ya faɗa gaban dangi cewa ranar da amfani ya lalace a hannun mace, zai kai maganar ga dattawa a maido mishi noman. Baba direba ne, yana hanyar kudu. Ga wake ya bushe, ga maigari ya sa an yi shela cewa Laraba mai zuwa za a saki dabbobi. A garinmu in ranar ta zo, duk abin da akuya ko saniya ta samu a gona halalinta ne, babu ƙara. Inna kuwa sai Juma'a za ta dawo. Da yake ni ce 'yar fari ba ta faɗin sunana, abin da ta ce kawai shi ne, "Ke 'yar nan, roro da safe, shanya da rana. Kar Yaya ya tsorata ki."

Ya tsorata ni kuwa. Kullum in ɗebo ruwa, in dama wa ƙanne koko, in ruga gona kafin a kaɗa ƙararrawar makaranta. Lokacin hutun tara a makaranta, ƙawayena suna carafke gindin darbejiya, ni ina zana kunyoyin da suka rage a ƙasa da tsinke. Kawu ya kan tsaya da kekensa bakin gona ya ce, "Sannu ɗiyar malama! Uwarki na can tana gyara duniya, ke kina nan kina yi wa awaki tanadi."

Ranar Asabar na ga ko rabi ban kai ba, sai na yi wa kaina dabara. Na bar shanya. Ina rorowa da raɓarsa, ina dannawa cikin buhu, ina ɗaurewa. Litinin sai ga ɗaliban Inna da kwanduna, tare da wasu mata biyu daga cocin su Madam, sun zo gayya. Gwaggo Lami, babbarsu, ta tura hannu cikin buhu ta ji zafi.

"Innalillahi! Wace mahaukaciyar ta ɗaure wake da raɓa?"

Na ce ni ce. Da aka zazzage, buhu biyu sun yi baƙi da fumfuna. Ban samu damar kuka ba, kwando aka miƙo mini. Safiyar Laraba muna kan kunya ta ƙarshe awaki suka shigo, muka bar musu harawar gaba ɗaya.

Inna ta dawo da mura da kumburin ƙafa. Ta tsaya kan ruɓaɓɓen waken tana dubawa.

"Nawa ya tsira?"

"Uku, Inna."

"To, Yaya ya zo ya ƙirga da kansa."

Ya zo, ya ƙirga, ya tambaye ta ko ana cin tuwo a can. Bai je wurin dattawa ba.

Yau hatsi nake saye da sayarwa a Kankiya, kuma mata da yawa nasu suke kawo mini, na gonarsu. Ƙanwata tana shiga irin taron da Inna ta je ta waya, tana zaune tsakar gida tana tsince shinkafa. Inna ta rasu ban tambaye ta abin da ta faɗa musu a can ba, wannan kam yana damuna. In na auna, mun rasa buhu biyu da harawar shekara guda. Gonar tana hannunmu har yau.