Jimloli Biyar a Aljihun Riga

A unguwar Bololo aka haife ni, a gidan da kakanmu ya gina tun garin nan bai wuce 'yan unguwanni a bakin kogi ba. Karatuna na allo ne, daga nan na wuce zauren malam. Har yau da ajami nake rubuta wasiƙa. Larabcin gari tare da Hausa na tashi da shi, Faransanci kuwa na ɗan tsinta a ofisoshi, gwargwadon abin da zai hana a zage ni ina murmushi. Ingilishi ban taɓa zaton zai shiga bakina ba. Sai da na haura shekara sittin Allah ya kawo sanadinsa.

Sanadin gobara ce. Wata Juma'a muna masallaci wuta ta kama layin da muke sayar da yadi da kayan ɗinki. Kafin mu iso ta cinye shi daga wannan baki zuwa wancan. Rabin shagunan namu ne, mu waɗanda kakanninmu suka zauna a nan tun da daɗewa. Rabin kuma na 'yan'uwanmu ne da suka zo daga Najeriya a 'yan shekarun nan. Toka ba ta gama hucewa ba magana ta fara yawo a suk, wato kasuwa, cewa baƙin nan ne ke ɓoye fetur a jarkoki a bayan shagunansu.

Kwana biyu bayan haka wata 'yar jarida ta zo daga waje, da mai ɗaukar hoto da tafinta. Aka nuna mata ni, don ni ne mafi tsufa a layin. Na sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka kawo shayi. Ta zauna ta fara magana da Ingilishi, doguwar magana, tana kallona. To, a gidanmu haka aka koya mana: in baƙo yana magana ba ka zuba masa ido kamar gunki. Ka gyaɗa kai, ka ce na'am, ka ce to, don ya san kana tare da shi. Sauraro ne, ba yarda ba, kuma kowa a nan ya san haka. Na yi ta gyaɗa mata kai har ta gama. Sai da tafinta ya juya mini maganar na gane tambaya ce a kan fetur ɗin baƙi. Na ba ta amsa a tsanake. Na faro daga zuwan kakanmu, da yadda shi ma baƙo ne a lokacinsa, na biyo har zuwa ranar Juma'ar.

Uwargidana ce ta nuna mini abin da ya fito, a wayarta, ina karin kumallo. Amsata duk an yanke ta. Abin da ya rage shi ne matar tana faɗin zargin, ni kuma ga ni da farar hulata ina gyaɗa kai, ina gyaɗa kai.

Ta ce, "Alhaji, ka ga wuyan nan naka? Shekara arba'in ina faɗa maka magana bai taɓa gyaɗa mini haka ba."

Ban iya dariya ba. A makon nan kwamitin layinmu ya zauna a kan yadda za a raba wurare in an sake gini. Shugaban kwamitin ya ce baƙi ba za su koma ba. Da wani ya ja da shi, sai ya ɗaga waya ya ce, "Me ya rage? Ga dattijonsu nan, Bahaushe ɗan'uwansu, ya shaida." Na miƙe na ce ban shaida ba. Ya ce duniya ta gani da idonta, maganar zaure ba ta goge abin da ke cikin waya.

Maƙwabcin shagona ɗaya ne daga cikin baƙin. Muna ce masa Ticha, don a can garinsu ya koyar a firamare kafin zama ya gagara ya taho nan yana sayar da zare da maɓalli. Shekara shida muna cin tuwon rana a akushi ɗaya. Tun da hoton ya fita ya daina biyowa ta ƙofata. Na ji labari har 'yan'uwansa na can sun gani, sun bugo suna tambayarsa wane irin mutane ya faɗa cikinsu.

Na hau klando, babur ɗin haya, na tafi unguwar Amrigebe inda yake zaune. Ya amsa sallama, ya kawo ruwa, amma bai dube ni ba. Na faɗa masa yadda abin ya kasance. Ya ce ya sani, shi bai taɓa zaton na yi da gangan ba, amma saninsa ba zai mayar wa yaransa da shago ba.

Na ce, "Masu kawo agajin sake gini za su kira 'yan jarida nan da mako biyu, an ce dattijon layi zai zauna a tebur. Matar nan za ta zo. Ina so ka koya mini abin da zan faɗa mata da harshenta."

"Haba Alhaji, ai akwai tafinta."

"Da tafinta na shiga wannan. Ana jiran ya juya magana ne wuyana ya yi aikinsa. Da bakina nake so, gajere, yadda ba wanda zai samu wurin sa almakashi."

Sai Ticha ya ce, "Kai da ba ka iya faɗin kuɗin yadi ba sai ka ba da tarihin masaƙa?"

Na ce zan koya.

Kullum bayan la'asar nake zuwa. Shi ya faɗi jimla, ni in rubuta sautinta da ajami, in sa mata wasali yadda harshena zai kama. Na ɗauke su kamar hadda: in karanta, in rufe takarda, in maimaita, a hanya, a kan babur, a bakin toka inda shagona yake a da. Muka tsaya a kan biyar. Ta farko godiya ce a kan tambaya. Ta biyu: don Allah bari in gama maganata. Ta uku: ban faɗi haka ba. Ta huɗu: ban yarda da yadda kika kawo tambayar ba.

A kan ta biyar muka yi faɗa. Ticha ya rubuto mini jimlar da ke cewa ba su ne suka jawo wutar ba. Na ajiye alƙalami.

"Malam, wannan ba zan faɗa ba."

"To me ya kawo ka gidana?"

"Ina masallaci, kana masallaci, sahu ɗaya. Ban ga inda ta tashi ba. In na ce ba ku ba ne, shaidar abin da ban gani ba na bayar, kuma irinta ce ta kawo mu nan. Gobe a gaban Allah da wane harshe zan kare ta?"

Ya fusata, ya ce taƙawa tana da daɗi ga wanda wurinsa ke nan yana jiransa. Maganar ta yi mini zafi, don akwai gaskiya a cikinta. Na tafi gida ranar ba mu yi sallama mai kyau ba. Washegari na dawo a kan lokaci. Na same shi ya riga ya rubuta wata: ban san abin da ya tayar da wutar ba, ban ga fetur a shagon kowa ba, mutanen nan maƙwabtana ne. Ya miƙo mini. Kowace gaɓa a cikinta zan iya rantsuwa a kai. Na kwafe ta.

Jimlolin ba su ba ni wahala kamar wuya ba. Ticha sai ya zama 'yar jarida, ya riƙe ludayi a matsayin abin magana, ya yi ta zuba Ingilishi, ni kuma an ɗora mini faifai a ka. Da na gyaɗa sai ya faɗi. Ranar farko ban san sau nawa na sunkuya na ɗauko shi ba. Zama a gaban mutum yana magana kai kuma ka ƙame, a jikina rashin tarbiyya ne, kamar shiga gida ba sallama. Katse shi da "bari in gama" kuwa sai na ji kamar na taka tabarmar baƙo da takalmi. A gida uwargida ta karɓi aikin. Tana ba ni labarin bikin 'yar ƙanwarta, ni ina zaune da faifai. Ta ce, "Madalla. Da ma haka kake saurarona, yanzu dai an samu dalili."

Ranar ta zo. A wani zaure ne a unguwar Kilemat, da hantsi. Na yi alwala, na sa takardata a aljihun riga. Shugaban kwamitinmu yana kujerar gaba. Ticha yana can baya a tsaye, da wasu daga cikin baƙin. Masu agaji suka yi nasu bayanin, aka buɗe tambayoyi. Matar ce ta uku da ta miƙe. Ta yi magana tana kallona kamar wancan karon. Na kafa idona a kan wani ƙusa a bango, na riƙe wuyana, ina salati a zuci. Tafinta ya raɗa mini: tana cewa tunda na riga na tabbatar mata baƙi ne suka jawo wutar, me nake so a yi da su?

Ban ciro takardar ba. Na gode mata da tambaya. Na ce ban faɗi haka ba. Ta buɗe baki za ta shigo, na ɗaga hannu na ce don Allah bari in gama. Jimlar ta fita. Matar ta dakata. Sai na faɗi ta biyar a hankali, gaɓa gaɓa, yadda muke bita a zauren malam. Da na kai ƙarshe na ji tarihin kakanmu yana taso mini a maƙogwaro. Na haɗiye shi. Ta huɗun ma ba ta samu wurin fita ba.

Kafin azahar sabon hoton ya shiga wayoyin suk, ba a yanke komai ba, don babu abin yankewa. Da kwamiti ya sake zama, shugaban ya fara maganar shaida, sai wani tela ya kunna masa nawa a gaban kowa. Aka yi muhawara har la'asar ta kusa. A ƙarshe aka ce kowa ya koma inda yake, sai in an kawo wanda ya ga jarka da idonsa. Ba a kawo ba. Biyu daga cikin baƙin ba su jira wannan rana ba, sun riga sun tattara sun tafi, kuma har yau in na tuna su ina neman gafarar Allah.

Ticha ya dawo gefena. Ranar da ya buɗe, da rana ta take, ya turo akushi tsakaninmu ya fara ba ni labarin yadda kafinta ya ɓata masa kantar shago. Ina sauraro, ina gyaɗa kai.

Ya ce, "Alhaji, yarda ka yi ko ji kake?"

Na ce, "Ji nake, Malam. Kantar lafiyarta lau, kai ne ba ka iya awo ba."