Nawar Baba Kyari

A bakin kakarta 'Yardada ne Husaina ta fara jin sunan. A gidansu na Sheshe, duk wanda aka aika ya daɗe bai dawo ba, ko yarinya ta zauna gaban wanke-wanke tana juya kwano ɗaya, sai tsohuwar ta leƙo daga ɗaki ta ce, "To, Kyari ya iso." Har ta shiga sakandare Husaina tana zaton wani ne a cikin tatsuniya. Sai ranar da Kawu Hambali, ƙanin mahaifiyarta, ya ɗauke ta a motarsa a-kori-kura suka biya ta Ƙofar Na'isa, ya nuna mata wani dogon dattijo mai zane a kumatu, zaune a gindin darbejiya yana goge noti da tsumma kamar mai goge zoben azurfa. Ya ce ga Kyarin nan, shi ke yi wa motar juyen mai tun tana sabuwa.

Baba Kyari, Allah ya jiƙansa, Babarbare ne, amma kakanninsa sun daɗe a birni har ba a tuna zuwansu. Mahaifinsa gafaka yake ɗinka wa malamai. Shi kuwa ƙarfe ya ja shi, ya koyi kanikanci a Sabon Gari wajen wani maigida da ya tafi gida gab da yaƙin basasa ya bar masa akwatin sifanu. Abin da ya gada a wajen mahaifinsa madauri ne na fatar sa, mai kauri, wanda ba ya rabo da shi. Ba ya taɓa mota sai ya zagaya ta, ya saurari injin, ya tambayi lafiyar iyalin mai ita. Masu gaggawa sukan tafi wani gareji, in an ɓata musu su dawo.

Su 'Yardada Fulani ne, ko da yake rabonsu da shanu tun zamanin kakanta. Tsakanin Fulani da Barebari kuwa akwai wasa, kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Kowace salla Kyari yakan tsaya a zaure ya ɗaga murya yana tambayar ina baiwarsa, tsohuwar ta amsa daga ciki cewa ta kai shi kasuwa an rasa mai musaya da ita ko da ƙwaryar nono. A haka suka tsufa.

Sai shekarun tashin bama-bamai suka zo. Aka kafa shingaye, aka sa dokar hana fita, duk mai zanen Borno a fuska ya zama abin kallo. Babu wanda ya zagi Kyari a unguwa. Abin da aka yi masa shi ne ladabi. Waɗanda suka saba tsokanarsa suka koma gaishe shi daga nesa, su wuce. Kawu Hambali, da ke ratsa shingaye kullum da buhunan hatsi daga Dawanau, ya ji tsoron a riƙa ganin motarsa a gindin darbejiyar, ya koma wajen wasu samari a bakin titi. 'Yardada ma ta daina ambaton sunan tun ranar da ta faɗe shi, wata maƙwabciya ta waiga tana duba ƙofa. Daga baya Aisa, matar Kyari, ta gaya wa Husaina cewa rashin aiki bai dame shi ba kamar wannan ladabin. Yakan dawo gida ya cire hula ya ce yau ma Malam aka ce masa.

Ana nan lokacin juye ya yi. Kawu Hambali ya ce shi zai yi da kansa a ƙofar gida. Ya tsiyaye baƙin mai, ya kama filta, ta ce ba ta san zancen ba. Ashe samarin nan da sifana suka ɗaure ta, ba su ko shafa mai a robar bakinta ba, zafin injin gas ya gasa ta ta manne. Ya sa ƙarfi, gwangwanin ya loɓa. Wani mai wucewa ya ba da shawarar a soke ta da sukudireba a murɗa. Aka soka, ƙarfen ya yage, ragowar mai ya wanke masa hannu har gwiwa. Mota ba ta tashi, lungu ya toshe, masu baro suna ta mita. Bayan azahar ya wanke hannu ya nufi Ƙofar Na'isa, kansa a ƙasa.

Husaina tana zaure lokacin da suka iso. Ta ji kawunta yana cewa Malam ya yi haƙuri, Malam ya duba, kamar mai magana da alƙali. Kyari ya ajiye kayan aikinsa. Ya zagaya motar kamar yadda ya saba, ya leƙa, ya shafa yagaggiyar filtar, sannan ya nemi kananzir da toka. Ya wanke ta tas, ya goge, ya barbaɗa tokar don kada ta yi santsi. Ya ɗiga kananzir a inda ta haɗu da injin, ya koma inuwa ya zauna. Masu baro suka dubi juna. Wani a cikinsu ya buɗe baki zai yi tsokana, ya tuna, ya rufe.

Da ya ga dama ya tashi, ya ɗora tsinin kurfi a bakin gindin filtar ya ƙwanƙwasa da guduma a hankali, nan kaɗan, can kaɗan. Ya ce na sama gwangwani ne kawai, ƙarfin yana gindi, amma kowa sama yake kamawa. Ya zaro madaurin mahaifinsa ya naɗa a can ƙasa, ya zura sandar ƙarfe a ciki ya murɗa har fatar ta yi ƙara. Ya ja. Filta ba ta motsa ba. Shekaru sun ci ƙarfinsa, kowa ya gani.

Ya ɗago ya dubi Kawu Hambali. "Zo ka kama, bawana."

Kawu Hambali ya ce, "To, Malam," ya matso. Husaina ta ga fuskar dattijon ta sauka kamar wanda ya miƙa hannu ba a karɓa ba.

Kawun ya kama sandar ya danna da dukkan ƙarfinsa, amma dama ya yi, yana ƙara ɗaure ta. Kyari ya bar shi ya yi gumi tukuna.

"Hambali, saniyar kakanka ma ta san hagu. Ko da yake ina ka ga saniya? A jikin gwangwanin madara?"

Mai baron nan ya kasa riƙewa, dariya ta kufce masa. Kawu Hambali ya tsaya da sanda a hannu, kunya da dariya suna kokawa a fuskarsa.

"Da ka iya aiki, Babarbare, ai da ba ka kira ubangidanka ya taya ka ba."

"Ja hagu, Fulata. A hankali, ba tatsa ba ce."

Ya ja. Aka ji ɗan ƙas, robar ta saki, filtar ta juyo kamar ba ita ba. Kyari ya kankare guntun robar da ya manne a jikin injin, ya tsoma yatsa a sabon mai ya shafa wa bakin sabuwar filta, ya ɗaure da hannu kawai, yana cewa abin da hannu ya ɗaure hannu ke kwancewa. Aka zuba mai, aka tayar, ya sunkuya yana dubawa ko akwai yoyo har masu baro suka fara kiran sunansa da tsiya. Husaina ta ga yana murmushi a ƙarƙashin bonet.

La'asar ta yi, lokacin hana fita yana matsowa. Ya naɗe madaurinsa, ya tsaya a bakin zaure kamar zai ɗaga murya irin ta salla, ya saurara. Daga cikin gida babu motsi. Tsohuwar tana ɗaki, kunya ta hana ta leƙowa. Ya juyo wajen Husaina ya tambaye ta ko har yanzu, in yaro ya yi nawa, ana kiran sunansa. Ba ta iya yi masa ƙarya ba, ta ce an daina.

Ya gyaɗa kai, ya gyara hularsa.

"Jikanya, ki taimake ni da abu ɗaya. Gobe in an aike ki, ki daɗe a hanya. In kin dawo kakarki ta yi shiru, ki ce mata ni na ce ta faɗa."