Ranar da Na Ce Zan Ɗauki Fili

Ko na yi ritaya ba zan manta da wata safiyar Laraba a ƙarshen damina ba, ina mai ɗaukar hoto a wata ma'aikata a Dutse. Ku sababbin hannu, ku saurara, don bakina ne ya kusa ja mini duka.

Darakta ya kira ni ya ce za a buga kalanda, yana son hoton duwatsu da ruwa. "Sabi'u, fili nake so tas. Ban da mutum, ban da akuya." Na ce an gama, Yallaɓai.

Na samu wuri a hanyar Kiyawa: duwatsu sun hau kan juna, tafki a gindinsu, ga ruga can gefe. A sana'armu, hasken kirki shi ne na bayan fitowar rana kafin hantsi, lokacin da inuwa ke kwance, dutse ya fito da jikinsa. In ya wuce, sai gobe. To a daidai lokacin ake koro shanu mashaya. Kwana biyu ina kafa kyamara a kan ƙafafunta uku ina jiran su tafi, kafin su tafi haske ya lalace. Haushi kamar ya kashe ni.

Sallamata ma da ƙyar ake amsawa. Wata mai tallan nono ta hango ni ta sake hanya. Ni kuma na fara zargin da gangan ake tsayar mini da shanun, ashe kuwa da gangan ɗin ne.

Rana ta uku na duƙa ina leƙe, sai na ji gyaran murya a bayana. Ardon rugar ne, dattijo, da magidanta huɗu, kowa da sanda a kafaɗa.

"Malam, me kake aunawa?"

"Allah ya ja kwana, Ardo, ba awo ba ne. Daga Dutse aka turo ni in ɗauki filin nan."

"Ka ɗauki filin?"

"Har da tafkin. Shanun nan kawai nake jira a kawar."

Wallahi sai da na ga sanduna sun sauko daga kafaɗu na gane ɓarnar da na yi. Mu a bakinmu, ɗauka hoto ne. Su kuwa, bara waccan wasu sun zo da abu mai ƙafa uku irin nawa, damina ba ta zagayo ba burtalinsu ya zama gonar wani.

Na ciro katin aiki, Ardo ko kallo bai yi ba. "Waɗancan ma da kati suka zo." Na juya masa kyamara, na nuna masa hotunan jiya. Ya daɗe yana dubawa.

"Ina shanun? Ina bukkokinmu?"

"Na kauce musu, Ardo. Fili ake so tas."

"Wa yake so?"

Kalanda aka ce mini, amma a lokacin ni kaina sai da na yi shakka.

"Duk wanda ya ga wannan a Dutse zai ce wurin ba kowa," in ji shi. "A nan na binne mahaifina. In za ka ɗauka, ɗauke mu a ciki. In ba haka ba, naɗe ƙafafunka ka kama hanya."

Ya je ya tsaya a bakin tafki, shanu a bayansa, rana ta bugi dutsen daidai yadda nake nema. Na ɗauka.

Darakta ya ƙi hoton. "Ba na ce ban da mutum ba?" Na ce, "Yallaɓai, suna wurin ne." Na sha faɗa, aka sa wani hoton a kalanda.

Nawa na wanke shi babba, na kai wa Ardo. Ya ƙirga shanun ciki da yatsa, ya naɗe shi a leda, ya ce, "Yau mun samu takardar fili."

Tun daga ranar, kafin in duba inda haske yake, sai na duba wa na bari a waje.